Wasan da ya ƙare kafin a ci shi

Ranar Asabar 10 ga Satumba, 2016, a garin Stillwater na ƙasar Amurka, saura daƙiƙa huɗu a tashi wasa tsakanin jami'ar Oklahoma State da baƙuwarta Central Michigan. Masu masauki suna gaba da ci 27 da 24, kuma ƙwallo tana hannunsu. Wasan da ake magana shi ne zari-rugar Amurkawa, wadda su suke kira ƙwallon ƙafa ko da yake da hannu aka fi yin ta. A can gasar jami'o'i babbar harka ce, ta filaye masu cin mutum dubu sittin, wasu har dubu ɗari, ga talabijin ga maƙudan kuɗi. Ƙa'ida ɗaya mai karatu yake buƙatar riƙewa. Ƙungiyar da ke da ƙwallo ana ba ta yunƙuri huɗu ta ci yadi goma na fili. In ta ci a sabunta mata huɗun, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Oklahoma State tana kan yunƙuri na huɗu, kuma ba ta neman komai illa daƙiƙa huɗun nan su ƙone. Sai madugun 'yan wasanta, Mason Rudolph, ya karɓi ƙwallo ya cilla ta sama can gefe inda babu ɗan wasansu ko ɗaya, lokaci ya cika tana iska. Sai alƙalai suka jefa ƙyallen da suke nuna laifi da shi.

Laifin gaskiya ne, babu mai musu a kansa, domin doka ta hana jefar da ƙwallo da gangan inda babu mai cafewa. Tangarɗar tana cikin abin da ya biyo baya. Alƙalan suka ce tunda laifi ne ya rufe wasan, za a ba Central Michigan yunƙuri guda ba tare da agogo ba. Cooper Rush ya cilla doguwar ƙwallo daga tsakiyar fili, Jesse Kroll ya cafe ta dab da gida, kafin a kai shi ƙasa ya miƙa wa Corey Willis da ke bayansa, shi kuma ya ratsa faɗin fili ya shigar da ita. Allon maki ya koma 30 da 27. Sai dai littafin dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ya faɗa ƙarara cewa idan masu riƙe da ƙwallo ne suka yi laifi, kuma hukuncin laifin ya haɗa da rasa yunƙuri, ba a ƙara lokaci. Ma'ana, wasan ya ƙare tun sa'ad da ƙwallon Rudolph ta faɗi. Shugaban alƙalan, Tim O'Dey, ya amsa kuskuren da bakinsa a ranar. Rukunin jami'o'i na MAC, wanda ya turo alƙalan fili, ya dakatar da su wasa biyu. Rukunin Big 12 shi ma ya dakatar da mutum biyu da ke ɗakin bidiyo. Sakamakon kuwa yana nan yadda yake har gobe.

Ra'ayina shi ne wannan hukunci rabinsa ya ɓata. Hukumar da ta fito bainar jama'a ta ce yunƙurin nan bai halatta ba, ta hukunta waɗanda suka ba da shi, sannan ta ci gaba da rubuta maki shidan da aka samu da shi a kundin tarihi, ta faɗi magana biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Akwai ɗan ƙaramin jinsin kuskure, wanda ba ya faruwa sai jefi-jefi, da ya kamata a ce ana iya gyara sakamakon wasa saboda shi. Siffarsa ita ce ya auku a tashin ƙarshe bayan agogo ya cika, hukumar gasar ta tabbatar da shi da kanta, kuma in aka cire shi babu sauran wasan da za a buga balle a yi hasashen yadda zai kaya. Wasan Stillwater ya cika wannan siffa ba tare da ragi ba.

Kafin in kare wannan ra'ayi, dole in ba dokar da nake suka haƙƙinta. Dokar NCAA ta ce da zarar shugaban alƙalai ya bayyana an tashi, bakin alƙalami ya bushe, wanda ya fi maki shi ya ci. Wannan doka ce mai hikima, kuma a wasa ɗari tara da casa'in da tara cikin dubu ita ce daidai. Mutum ashirin da biyu ne a fili, ƙarti masu gudu, suna karo da juna fiye da sau ɗari a yini guda, alƙalai takwas suna ƙoƙarin ganin komai. Babu wasan da za a tace shi da bidiyo a rasa riƙon riga da ba a gani ba, ko ƙafar da ta taɓa layi. Da za a buɗe ƙofar ƙara a kan kowane irin wannan, da ranar Litinin ce za ta zama ranar wasa, lauyoyi su zama 'yan wasa. Masu kallo suna biyan kuɗi ne don su koma gida sun san wanda ya ci. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce saboda ana tsoron buɗe babbar ƙofa, ko 'yar taga ma ba za a bari ba.

Kusan shekara guda kafin Stillwater an ga wani abu da ya fi shi rikitarwa. Daren 31 ga Oktoba, 2015, a garin Durham, jami'ar Duke ta karɓi baƙuncin Miami. Duke ta ci wasa shida cikin bakwai kafin wannan dare, ita kuwa Miami mako guda ke nan da korar kocinta, Al Golden, bayan Clemson ta lallasa ta 58 da nema. Saura daƙiƙa shida Duke ta shige gaba, 27 da 24, ta buga ƙwallon sake tashi. 'Yan Miami suka ɗauka suka dinga miƙa wa juna baya, wannan ya jefa wa wancan, har sau takwas, suna ja da baya har kusa da gidansu, agogo tuni ya cika. Daga ƙarshe Corn Elder ya sami hanya ta gefen fili ya zura har gida. Ga ƙyallen laifi a ƙasa, ga 'yan benci sun fara shigowa, ga jama'a ba su san ko su yi murna ko su yi kuka ba. Aka shiga duba bidiyo, aka kwashe kusan minti tara, sannan aka ce ƙwallo ta ciwu, Miami 30, Duke 27. Washegari rukunin ACC ya fitar da sanarwa ya lissafa kurakurai huɗu. Mafi girmansu shi ne gwiwar ɗan wasan Miami, Mark Walton, ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta bar hannunsa, kuma a dokar jami'o'i da gwiwar mai ƙwallo ta taɓa ƙasa tashin ya mutu. An kuma bangaje ɗan Duke ta baya ba a gani ba, wani ɗan Miami ya shigo fili daga benci ana cikin wasa, sannan shugaban alƙalai bai yi wa jama'a gamsasshen bayanin dalilin janye ƙyallen da aka jefa ba. Aka dakatar da alƙalan fili da na ɗakin bidiyo wasa biyu. Nasarar Miami ba a taɓa ta ba.

A nan ina jin tausayin alƙalan fili ƙwarai, kuma ina ganin masu zaginsu ba su yi musu adalci ba. Tashin da ake saba gani daƙiƙa biyar ne ko shida, kowane alƙali ya san inda zai tsaya da wanda zai sa wa ido. Wannan kuwa ya doshi minti guda, ƙwallo ta je gabas ta dawo yamma, alƙalin da ya kamata ya kasance a gaba ya tsinci kansa a baya. Gwiwa ta taɓa ciyawa ɗan ƙiftawar ido kafin yatsu su saki ƙwallo, wane ido ne zai rantse a kan haka yana cikin gudu? Don irin wannan ne aka kawo bidiyo, wanda rukunin Big Ten ya fara gwadawa a 2004 kafin sauran su bi. Wanda ke ɗakin bidiyo ba ya haki, ba a bangaje shi, yana da ikon tsayar da hoto ya mayar da shi baya sau goma. Idan shi ya kasa a minti tara abin da ofishin ACC ya gani washegari, to tsarin ne ya kasa, kuma tsarin ne ya kamata ya biya. Hanyar biyan ita ce a mayar da maki inda suke lokacin da gwiwar Walton ta sauka: Duke 27, Miami 24, agogo a kan sifiri.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi magoya bayan Miami ne suka kawo ta, kuma ba ta wasa ba ce. A wancan dare an kama Miami da laifi sau 23, wasu daga ciki a harin Duke na ƙarshe, kuma mutanen Miami suna ganin an zalunce su a da yawa. Har ƙwallon da Thomas Sirk ya ci wa Duke saura daƙiƙa shida akwai masu cewa bai tsallake layi ba. To don me kuskuren minti na ƙarshe zai fi na minti na goma daraja? In za a gyara ɗaya, a gyara duka, in ba za a iya ba a bar su duka. Amsata ita ce kuskuren ƙarshe bai fi sauran girma ba, ya dai bambanta da su ta fuska ɗaya: shi kaɗai ne ake iya cirewa ba tare da an yi duba ba. Idan alƙali ya yi kuskure a farkon wasa, kowane ɓangare ya ga allon maki ya sake lissafi, koci ya canza dabara, wanda ke baya ya ƙara ƙaimi, wanda ke gaba ya ja jiki. Babu mahaluƙin da zai iya cewa ga yadda za a tashi da ba a yi kuskuren ba. Amma tashin da aka yi bayan lokaci ya cika babu abin da ya ginu a kansa. Ka zare shi, abin da ya rage cikakken wasa ne na minti sittin da makinsa a rubuce. Rashin iya gyara kurakurai goma da ba su gyaruwa ba ya zama dalilin ƙin gyara ɗayan da ke gyaruwa. Alƙalin kotu da ya kasa gano duk ɓarayin gari ba ya sakin wanda aka kama da akuya a hannu.

Wani zai ce taga in aka buɗe ta, gobe ƙofa za ta zama. To a gwada wannan ma'auni a kan shahararrun rigingimun da aka sani, a ga nawa ne za su iya shigewa. Wanda ya fi kowanne suna shi ne na 6 ga Oktoba, 1990, tsakanin Colorado da Missouri a garin Columbia. Colorado tana dab da layin gida, ana binta maki, lokaci yana ƙurewa. Bayan yunƙuri na biyu aka tafi ɗan hutu, mai riƙe da sandar ƙidaya bai juya lambar ba, alƙalai su ma suka shafa'a. Colorado ta yi yunƙuri na uku aka tare ta, madugunta Charles Johnson ya doka ƙwallo da ƙasa don tsayar da agogo, wanda a gaskiya shi ne na huɗu, sannan ya kutsa da kansa a na biyar. Aka tashi 33 da 31. Rukunin Big Eight ya dakatar da alƙalai bakwai, sakamako ya tsaya, Colorado ta je ta raba kambun ƙasa na shekarar da Georgia Tech. An cuci Missouri, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Duk da haka ma'aunina ba zai juya wannan wasa ba. Johnson ya jefar da yunƙuri na huɗu ne saboda sandar alƙalai ta gaya masa na uku ne. Da an gaya masa gaskiya da bai doka ƙwallo da ƙasa ba, da ya kai hari, kuma ko zai shiga ko ba zai shiga ba sanin gaibu sai Allah. Kuskuren ya riga ya shiga cikin shawarar 'yan wasa, ba ya zaruwa shi kaɗai.

Haka na Wisconsin da Arizona State a Satumbar 2013. Madugun Wisconsin, Joel Stave, ya durƙusa saura daƙiƙa 18 don a gyara wa mai bugu wuri, ya ajiye ƙwallo a ƙasa, 'yan Arizona suka kwanta a kanta, alƙalai suka yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙare a kan 32 da 30. Rukunin Pac-12 ya tsawata wa alƙalan. Amma abin da aka hana Wisconsin dama ce ta bugu, kuma mai bugu yana iya ɓarar da ita, don haka ba a ba ta maki ukun da ba ta buga ba. Mai bin ƙwallon ƙafa a nan gida zai tuna irin wannan a gasar kofin Afirka a Kamaru, ranar 12 ga Janairu, 2022 a Limbe, inda alƙali Janny Sikazwe ya busa tashi a minti na 85, ya dawo da wasa, ya sake busawa kafin minti 90 su cika, Mali tana cin Tunisiya ɗaya da nema. Tunisiya tana da gaskiyar yin fushi, amma ba wanda zai ce da an buga ragowar da ta farke. Duk waɗannan suna waje. A shekaru masu yawa na wasannin jami'o'i, waɗanda za su shige ta wannan taga ba za su cika yatsun hannu ba.

Ya kamata kuma a lura ba sake wasa nake nema ba. FIFA ta taɓa bin wannan hanya a 2005, a wasan neman gurbin kofin duniya tsakanin Uzbekistan da Bahrain. An ba Uzbekistan fenariti ta ci, alƙali ya soke saboda ɗan wasanta ya shiga da'ira da wuri, maimakon ya sa a sake bugawa kamar yadda doka ta ce sai ya ba Bahrain bugun tazara. FIFA ta ce wannan kuskuren doka ne, ta soke wasan gaba ɗaya. Uzbekistan da ta ci ɗaya da nema duk da an zalunce ta, ta dawo ta yi kunnen doki ɗaya da ɗaya, daga baya Bahrain ce ta wuce. Wanda aka cuta shi aka sake cuta. Abin ɗauka a nan shi ne babbar hukumar wasa a duniya ta yarda akwai bambanci tsakanin alƙali ya ga abu ba daidai ba da alƙali ya yi aiki da dokar da babu ita, kuma sama ba ta faɗo ba don ta yarda. Abin gudu shi ne maganin da ta zaɓa.

Akwai masu cewa Oklahoma State ita ta ɗebo da zafi. Ita ta yi laifi, kocinta Mike Gundy ma ya ɗauki alhakin dabarar da ya tsara, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sun ƙara da cewa dokar kanta ba ta da kyau, don bai kamata ƙungiya ta rufe wasa da laifi ta tafi da nasara ba. Abin da alƙalan suka yi ya fi kusa da adalci ko da ya saɓa wa littafi. Ina ganin ƙamshin gaskiya a sukar da suke wa dokar. Amma wurin canza doka shi ne zauren kwamitin dokoki bayan an gama kaka, kuma an sha yin haka. Bayan rikicin ƙarshen wasan North Carolina da Tennessee a Disambar 2010, inda laifin masu ƙwallo ya tsayar musu da agogo ya ba su damar farkewa, NCAA ta kawo dokar zaftare daƙiƙa goma a kakar 2011. Haka ake gyara. Ranar wasa kuwa ɓangarorin biyu sun shigo ne a kan littafi ɗaya, kuma alƙalan Stillwater ba su ce sun zaɓi adalci a kan littafi ba, sun ce sun manta abin da littafin ya ce. Ba a mayar da mantuwa ta zama hikima don kawai sakamakonta ya yi wa wani daɗi.

Masu son tarihi sukan kawo labarin 1940 su ce ga mafita. Ranar 16 ga Nuwamba ta shekarar, Cornell, wadda ta yi wasa 18 ba a doke ta ba, ta ci Dartmouth 7 da 3 da ƙwallon daƙiƙun ƙarshe. Da aka wanke fim aka ga a yunƙuri na biyar ta ci. Alƙali Red Friesell ya amsa kuskurensa, shugabannin Cornell, har da shugaban jami'ar Edmund Ezra Day da koci Carl Snavely, suka buga wa Dartmouth wayar tangaraho suka sallama nasarar. Dartmouth ta karɓa, aka rubuta 3 da nema. Abin a yaba ne, kuma shi kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa juya sakamako bayan an tashi zai kashe wasan, don an juya kuma wasan bai mutu ba. Sai dai ba na son a rataya adalci a wuyan wanda ya ci. Central Michigan ƙaramar makaranta ce a wannan fage, irin waɗanda manya ke gayyata su biya su kuɗi don su sami nasara mai sauƙi. Yaranta ba su yi ha'inci ba. An ce musu ku buga, suka buga, suka yi abin da za su ba jikokinsu labari. A ce wa kocinsu ya shiga ɗaki ya karɓe wannan daga hannunsu da kansa, alhali aikinsa da albashinsa sun rataya a kan yawan nasara, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Hukumar da ta ɗauki alƙalai aiki ita ce mai kayan. In ita ta yanke, babu wanda za a kira maci amana a garinsu, babu kuma wanda za a kira marar kunya don ya riƙe abin da aka ba shi.

Na san zafin da hakan zai yi wa waɗannan yara, kuma ban raina shi ba. Amma akwai wasu yara a ɗaya ɗakin, waɗanda suka kammala minti sittin suna gaba da maki aka ce musu sun faɗi. Kakar jami'o'i wasa goma sha biyu ce kacal kafin na ƙarshen shekara, faɗuwa ɗaya tana iya raba ƙungiya da kambu, kuma mafi yawan 'yan wasan shekara huɗu suke da ita, daga nan sun bar fili har abada. Zafi dole ya sauka a ɗaki ɗaya cikin biyun. Tsarin yanzu ya zaɓi ya sauke shi a kan waɗanda doka ta ce su suka ci.

Dakatar da alƙalai kuwa, yadda ake yin sa, barin jaki ne ana dukan taiki. Mafi yawan alƙalan wasan jami'o'i ba shi ne sana'arsu ta yau da kullum ba, suna da ayyukansu a ranakun mako, Asabar su sa riga mai zane su shiga fili. Dakatarwar wasa biyu tana kwantar da hayaniyar 'yan jarida, tana ba hukuma damar cewa ta ɗauki mataki, amma ba ta mayar wa Duke ko Oklahoma State komai ba, ba ta kuma hana kuskuren maimaituwa ba, tunda wata goma da 'yan kwanaki ne kawai tsakanin Durham da Stillwater. A Stillwater mutum goma ne, takwas a fili biyu a ɗaki, daga rukuni biyu daban-daban, suka wuce ta kan sakin layi ɗaya na doka babu wanda ya ce a dakata. Wannan ya nuna gibin yana cikin tsari. Duk lokacin da za a ba da yunƙuri bayan agogo ya cika, ya kamata ya zama wajibi a tsaya, a buɗe littafi, a ji ta bakin wani masanin doka da ke zaune nesa da ihun fili, sannan shugaban alƙalai ya kunna makirufo ya faɗa wa jama'a dokar da ya dogara da ita. A wannan gaɓa ba a gaggawar komai, lokaci ya riga ya ƙare. An ma taɓa nuna ana iya haƙurin: a wasan kambun Big 12 na Disambar 2009 'yan Nebraska sun fara murna, agogo yana kan sifiri, aka duba bidiyo aka mayar da daƙiƙa ɗaya, Hunter Lawrence ya buga wa Texas daga yadi 46 aka tashi 13 da 12. Tsarin da ya iya dawo da daƙiƙar da ta ɓata ba shi da hujjar cewa ba zai iya cire tashin da aka ƙara ba.

Sai maganar caca, wadda ta yaɗu a Amurka tun da kotun ƙoli ta ɗage takunkumin da ke kanta a 2018. Ana cewa an riga an biya masu caca kuɗinsu, juya sakamako zai jawo rikici. Wannan matsalar kamfanonin caca ce, su suka san dokokin biyansu, kuma bai dace jami'a ta auna gaskiyar kundinta da aljihun ɗan caca ba. Abin da ya dace a ɗauka daga wannan ƙorafi shi ne buƙatar wa'adi. Kada a bar ƙofar gyara a buɗe har mako. A ba hukumar gasa kwana ɗaya ko biyu, a sa wani kwamiti da ba na ɗaya daga rukunonin da abin ya shafa ba ya sa hannu, don kada mai gida ya zama alƙalin kansa. Wa'adin ba zai takura kowa ba. ACC ta gama bincikenta ta fitar da sanarwa washegarin wasan Duke, shi kuwa O'Dey bai kwana ba ya faɗi gaskiya.

Oklahoma State ta kammala kakar 2016 da doke Colorado 38 da 8 a wasan Alamo Bowl. Kundin NCAA ya ce ta ci goma ta faɗi uku. Zobban da makarantar ta ƙera wa 'yan wasanta don tunawa da kakar an zana musu 11 da 2. Ban goyi bayan kowace makaranta ta riƙa rubuta wa kanta maki ba, don in kowa ya yi haka kundin ya zama takardar banza. Amma a wannan karon lambar da ke kan zoben ita ce ta dace da littafin dokar NCAA, da furucin shugaban alƙalan wasan, da sanarwar rukunonin biyu da suka dakatar da mutanensu. Lambar da ke cikin kundin hukuma ita ce ta saɓa musu duka.